Shekarar da Ɓera Ya Ceci Kakanku

Na san abin da ake gaya muku a kaina. Ke Hadiza, ranar da kika dawo daga biki a gidan yayana Sabo kika ƙi haɗa ido da ni, na gane an sake tono tsohon zancen nan, wai ubanku ya tsaya a zaure gaban jama'a ya kira mahaifinsa ɓera. Shi ya ƙara manna mini suna, har yau, daga Gagarawa zuwa tashar Gumel, in ba a ce Haruna Na-Ɓera ba babu wanda zai gane ni. To, ku saurara. Ban yi boko mai nisa ba, a aji uku na sakandare na ajiye biro, amma hannuna yana rubutu, kuma ba zan mutu in bar muku labarina a bakin waɗanda ba sa ƙaunata ba. Na ambaci ɓera a zauren nan, ban musa ba. Ga yadda aka yi.

A shekarar ina aiki a wani ɗakin duba dabbobi a kan hanyar Maigatari. Ni ne mai shara, ni ne mai danne rago in za a yi masa allura, ni ne wanda saniya ke harbi in ranta ya ɓaci. Shugabarmu Dakta Rifkatu ce, mutuniyar Filato, gajera, mai faɗa kamar barkono, kuma Hausa a bakinta ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Duk gabanin Babbar Salla masu kiwo sukan kawo mana ragunan da aka ɗura wa dusa har tsakuwa ta toshe musu fitsari. Sai ta buɗe hanyar, fitsari ya zubo, mai rago ya yi ta godiya. Wani ragon ya miƙe ya ci harawa, wani kuwa bayan kwana kaɗan sai a aiko cewa an yanka shi kafin ya zama mushe. Me ya bambanta su? Amsar da take nema ke nan a ƙarin karatun da take yi, shi ya sa wata rana mota ta sauke mana kejuna cike da fararen ɓeraye masu jajayen idanu, aka jera su a ɗakin baya.

Ta ce, “Malam Haruna, daga yau ga 'ya'yanka.”

Na ce, “Dakta, mu a gidanmu kyanwa muke ajiye wa waɗannan.”

Ta ce, “To nan kai ne kyanwar, sai dai kiwonsu za ka yi, ba ci ba.”

Direbobin shanu da ke tsayawa shan shayi a bakin ƙofarmu suka samu abin yi. Wannan ya ce, “Na-Ɓera, nawa ne bijimin a cikinsu?” Wancan ya ce in ajiye masa mai ƙiba na layya. Na ji haushi da farko. Amma wallahi kafin wata guda, in na tashi da safe ƙafata har sauri take zuwa ɗakin nan, don abin da nake gani a ciki ban taɓa jin ko malamin makaranta ya faɗa ba.

Ku dubi ƙwayar wake. To ƙodar ɓera ba ta fi ta da yawa ba, guda biyu, kuma daga kowacce akwai wani siririn bututu kamar zaren ɗinki da ke kai fitsari mafitsara. Dakta takan yi wa ɓera allurar barci, ta buɗe cikinsa kaɗan, ta matse bututun gefe ɗaya, ta ɗinke. Ni ne mai riƙe fitila. Ranar farko tausayi ya kama ni, amma na ga yadda take lallaɓa su, tana ba su maganin zafi, in ɗaya ya ƙi cin abinci ita ma ranar ba ta da walwala. Wasu takan kwance musu bayan 'yan kwanaki, wasu sai an daɗe. Daga nan sai jira da gwajin jini. Ranar da ta fara nuna mini ƙodar da aka toshe, na ga ta kumbura ta yi sulɓi kamar salkar da aka cika da ruwa, na ce wannan kam ta gama yawo. Sai ga shi waɗanda aka kwance wa da wuri, mako na zagayowa ƙodar tana saɓewa, tana komawa aikinta kamar ba a yi komai ba! Na yi ta zagaya ɗakin ina tafa hannu ni kaɗai. Nama, ba bokan da ya tofa, ba saiwar da aka jiƙa, ya gyara kansa da ikon Allah don kawai an buɗe masa hanya a kan lokaci! Waɗanda aka daɗe ba a kwance wa ba kuwa, tasu ƙodar ta zama fanko, fata ce kawai da ruwa, ko an buɗe ba ta dawowa.

Dakta ta ce, “Ka gani? Ƙoda tana da haƙuri, amma haƙurin nata yana da ranar ƙarewa.”

Yanzu ga laifina, wanda su Sabo ba su sani ba, da sun sani da sun haɗa da shi. Akwai wasu ɓeraye da aka matse wa gefe biyu duka, na yini da kwana ɗaya tak, sannan aka kwance. A cikinsu akwai wanda na shafa wa jan fenti a wutsiya, nake kiransa Jan Wutsiya, shi ne mai hawa yatsana in na miƙa. Da aka kwance masa, sai ya shiga fitsari kamar an fasa randa. In zuba garin katako a kejinsa da safe, kafin azahar ya jiƙe sharkaf. In canza, kafin la'asar ya sake jiƙewa. Bazara ce, ɗakin ya ɗauki zarni, ni kuma na gaji. Sai na yi lissafi irin na kowa: abin da ke shiga shi ke fita. Na zare kwalbar ruwansa, na ce ya ɗan huta. Ban gaya wa kowa ba. Washegari da hantsi na same shi a kwance, ido ya faɗa, yana numfashi sama-sama. Dakta ta shigo, ta dubi kejin, ta dubi kwalbar a kan taga, ta dube ni. Ta kama fatar wuyansa ta ja ta saki, fatar ta tsaya a tsaye kamar an naɗe takarda. Ta yi masa allurar ruwa, amma an makara. A tafin hannuna ya ƙarasa.

Na zaci kora ce. Faɗa kam na sha, har masu shayi suka yi tsit. Da ta huce sai ta jawo kujera ta zaunar da ni.

Ta ce, “Malam Haruna, ƙodar da aka toshe aka buɗe, a kwanakin farko rariya ce. Ba ta iya riƙe komai. Ya sha, zai zubar. Bai sha ba, zai zubar. In ka hana shi ruwa, fitsarin ba zai tsaya ba, daga jikinsa za a ɗebo, har jini ya kafe, ƙodar da ta fara farfaɗowa ta sake faɗuwa. Aikinka shi ne ka mayar masa da abin da ya fita har rariyar ta toshe ramukanta da kanta. Ka ji?”

Na ce, “Na ji, Dakta.”

Ta ce, “Ba ji nake so ba. Ka gani?”

Na ce, “Na gani.”

Tun daga ranar kwalba ba ta sake bushewa a ɗakin nan ba, kuma sauran 'yan'uwan Jan Wutsiya duk sun tashi. Kwana uku, huɗu, sai fitsarin ya ragu da kansa. Kowace safiya in taɓa garin katako in ji ya fi na jiya bushewa, in ruga in gaya mata kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Ba a yi wata biyu ba ciwon kakanku ya tashi. Ku ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Shi ne ladanin masallacin ƙauyenmu, mutum mai tsafta har ta yi yawa, in kaza ta bi ta kan tabarmarsa sai an wanke. Ashe ya daɗe fitsari yana yi masa gardama, irin wanda ke samun dattawa, yana ɓoyewa. Inna ce kawai ta lura yana daɗewa a bayi da buta. Da abin ya toshe gaba ɗaya, sai da ya yi kwanaki yana shan jiƙe-jiƙe, mara ta kumbura, ƙafa ta kumbura, shaƙuwa ta kama shi, sannan ya yarda aka faɗa. Yaya Sabo ne ya kai shi asibiti, wannan ba zan ci masa haƙƙi ba. Aka sa masa roba, fitsari ya zubo cikin leda, ya samu sauƙi. Likita ya ce a bar shi a kwance a riƙa dubawa. Baba ya ce shi ba zai zauna 'yan mata sa'o'in jikokinsa suna ɗaga masa zane ba. Kwana ɗaya ya yi, Sabo ya sa hannu ya dawo da shi gida da robar a jikinsa. Ni ba wanda ya aiko mini, ai mai wanke kashin ɓera ba a shawara da shi. A kasuwar Maigatari ranar Alhamis wani mai awaki ɗan garinmu ya yi mini jaje, washegari da sassafe na hau mota.

Na tarar da zaure cike da 'yan dubiya, Sabo a tsakiya yana ba da labarin yadda ya yi da likitoci. Na wuce ciki. Baba yana kwance a ɗakinsa, an rufe ledar da tsumma a gefen gado. Na gaishe shi, ya amsa da kyar, harshe yana manne masa a baki. Idonsa ya faɗa. Na san wannan idon. Na kama hannunsa kamar mai gaisuwa, na ja fatar bayan hannun na saki. Ta tsaya. Na ɗaga tsumman, leda ta kusa cika.

Na fito na sami Inna a madafa. Na ce, “Inna, yaushe rabon Baba da ruwa?”

Ta ce, “Ai yayanku ya ce a rage masa. Ledar nan sau nawa ake zubarwa a yini, jiya har ta ɓalle ta ɓata masa shimfiɗa da rigar salla. Malam ya yi kuka, Haruna, ban taɓa ganin hawayensa ba sai jiya. Shi da kansa ya ce kar a ƙara ba shi sai na jiƙa maƙoshi. Yau ma cewa ya yi ya ɗauki azumin nafila, tunda dai ba sha zai yi ba.”

Na ce, “Da aka rage, fitsarin ya ragu?”

Ta ce, “Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Bai ragu ba.”

Ba tsoro kaɗai na ji ba. Ku fahimce ni. Duk tsawon rayuwata ban taɓa zama wanda ya san abu a gidan nan ba. Yau ga shi na sani, sani irin na wanda abu ya mutu a hannunsa. Na koma bayan rumbu na kira Dakta a waya, na zayyana mata komai. Ta ce ita likitar dabbobi ce, ba za ta yi wa mutum magani ta waya ba, amma in ubanta ne, ba za ta bari rana ta karkata bai koma asibiti ba. Ta ce in haɗa ruwan gishiri da sukari a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a hanya. Na kira wani direban akori-kura cikin masu tsokanata da layya, na ce ya zo ƙofar gida. Sannan na shiga zaure.

Na ce, “Yaya, Baba zai koma asibiti yanzu, kuma a ba shi ruwa.”

Sabo ya dubi mutane ya yi murmushi. Ya ce, “Ikon Allah, likita ya iso. Haruna, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mutum yana zubar da ruwa kamar famfo, kai kuma ka ce a ƙara masa? In rufin ɗakinka yana yoyo, hawa kake ka ƙara zuba ruwa?”

Aka yi dariya. Wani dattijo ya ce gaskiya Alhaji ya faɗa. Ni kuwa ba ni da bakin Sabo, ban iya jera magana ba, abin da ke cikina shi ya fito.

Na ce, “Wallahi na ga ɓera ya mutu da irin wannan! Idon nan, fatar nan, sak! Ni na hana shi ruwa, ni na kashe shi, kuma ba zan tsaya ku yi wa Baba abin da na yi wa ɓera ba!”

Ga kalmar nan, ga inda ta fito. Zaure ya ɗauki salati. Sabo ya miƙe yana cewa, “Kun ji ko? Kun ji ɗan albarka? Ladanin garin nan yake haɗawa da ɓera!” Ban tsaya ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na shiga ɗakin Baba, na sunkuya na ɗora shi a bayana, na riƙe ledar a hannu ɗaya. Ba shi da nauyi, kamar damin kara. Gidanmu ƙofa ɗaya ce, sai ta zaure. Da ya gane ta inda za mu bi, sai ya sa baki a kunnena.

Ya ce, “Haruna, sauke ni. In ka fita da ni a haka gaban mutane, ban yafe maka ba.”

Kun san nauyin wannan magana a bakin uba. Ƙafata ta tsaya a dokin ƙofa. Na auna: in na sauke shi, ina da albarka, jibi in yi masa salla. In na fita da shi, yana raye, yana fushi da ni. Na ce a raina, fushin mai rai ana iya roƙonsa. Na ratsa zauren nan da ubana a baya, ledar fitsarinsa a hannuna, mutanen da yake kira salla shekara da shekaru suna kawar da kai. Sai na ji takun gudu a bayana. Inna ce, matar da ba ta taɓa ratsa zaure da maza a ciki ba, mayafi a karkace, kwanon sha a hannu. Ita ta hau bayan motar ta ɗora kansa a cinyarta.

Ta ce, “Malam, azumin nan na nafila ne, Allah bai ɗora maka ba. Sha.”

Daga hannuna da ba zai sha ba. Daga nata ya sha.

A asibiti likitan ya dubi harshensa, ya ja fatarsa kamar yadda na ja, ya ce wa ya ce a hana shi ruwa? Sabo, wanda ya biyo mu a babur, ya shiga duban silin. Aka ɗaura ƙarin ruwa, leda bayan leda, ana auna abin da ya shiga da abin da ya fita. Aka ɗebi jini. Likita ya ce ƙodar ta wahala sau biyu, toshewa da ƙishirwa, ba zai yi mana alkawari ba, sai an ga kwanaki. Ni kuwa na san me ake jira. Na samu kwali na zauna bakin gado ina rubuta duk ledar da aka zubar, kamar yadda nake yi a ɗakin baya. Wata nas ta leƙa ta ce, “Malam, a ina ka yi aikin asibiti?” Na ce, “Wajen ɓeraye.” Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta zaci wasa nake. Rana ta biyu shaƙuwa ta tsaya. Rana ta uku ya nemi kunu. Rana ta huɗu na duba kwalina na ga ledar da ke cika kafin azahar ta kai la'asar ba ta cika ba. Rariya ta fara toshe ramukanta! Na fita harabar asibiti ina kabbara, na kira Dakta ina ihu, “Ya bushe, Dakta, garin katako ya bushe!” Masu jinya suna kallona kamar sabon kamu. Da gwajin jini na gaba ya fito, likita ya ce dattin da ya taru a jinin yana sauka, ƙodar ba za ta koma ta saurayi ba, amma za ta riƙe shi. Daga baya aka yi masa aiki aka cire robar. Ya koma kiran salla, ya yi shekara bakwai yana yi. Kai Sani, shi ya yi maka huɗuba a kunne.

Amma da aka sallamo shi daga asibiti, bai yi mini magana ba. In na gaishe shi sai ya amsa wa bango. A gari labarin ya zama Alhaji Sabo ya kai mahaifinsa asibiti har sau biyu, ƙaninsa kuwa ya tozarta tsoho. Can daga baya, da Dakta ta gama karatunta aka buga littafin aikin, na duba ban ga sunana ba sai a wani layi can ƙasa, shi ma an rubuta Harun. Na rufe littafin. Na saba.

Bayan kakar shekarar nan, wata Alhamis, ina canza garin katako sai na ji sallama a ƙofar ɗakin baya. Baba ne, da sandarsa, ya zo kasuwa sayar da tunkiya. Bai dube ni ba. Ya ce, “Ina abin naku?” Na nuna masa. Mutumin da ke wanke tabarma don kaza ya shiga ɗakin ɓeraye, ya bi kejunan ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya. Ya tsaya a gaban wani mai tabon ɗinki a ciki, wanda ya miƙe da ƙafa biyu yana shinshinar iska. Suka daɗe suna kallon juna.

Ya ce, “Shi ma an toshe masa?”

Na ce, “An toshe, Baba. An buɗe. Ya warke.”

Ya gyaɗa kai. Ya sa sanda ya ƙwanƙwasa kwalbar da ke jikin kejin.

Ya ce, “Kai, wannan ta kusa ƙarewa. Ƙara masa.”

Na ɗauko ruwa. Ina cikin ɗurawa na ji ya ce, a hankali, idonsa a kan kejin, “Na janye abin da na faɗa. Allah ya yi maka albarka.” Kafin in juyo ya kai bakin ƙofa. Bai sake tayar da zancen ba har ya koma ga Allah, ni ma ban gaya wa kowa ba, don na san abin da Sabo zai ce: ina shaidunka? Shaiduna ɓeraye ne, kuma duk sun mutu.

Saboda haka ke Hadiza, in an sake kiranki 'yar Na-Ɓera a gidan biki, kar ki sunkuyar da kai. Ki amsa da ƙarfi. Sannan ki tambayi mai kiran, cikin ladabi, wa ya sa aka ba kakanki ruwa.